Ruwa a Fitilar Mota: Abin da Rani Ya Ɓata, Damina Ke Tonawa

Da zarar damina ta kankama a Yamai, musamman idan an shiga markar Agusta, duk wanda ya lura da motocin da ke wucewa da safe, daga tasi mai jan kai zuwa faba-faba da manyan motocin ma'aikatu, zai ga da yawansu fitilun gabansu sun yi hazo ta ciki. Wata farin gumi ne kawai ya kwanta a kusurwarta, wata ɗigon ruwa ne ke gangarowa, wata kuwa ruwan ya taru a gindinta yana kai-komo duk lokacin da motar ta motsa. Masu motocin sun rabu gida biyu. Akwai waɗanda ko a jikinsu, suna cewa rana za ta busar. Akwai masu garzayawa gareji, inda galibi ake yi musu ɗayan abu biyu: ko a huda fitilar ta ƙasa don ruwan ya tsiyaye, ko a bi duk wata kafa da ido ya gani a liƙe ta da silikon. A ganina hanyoyin nan uku duk kuskure ne, kuma tushensu ɗaya: rashin bambance raɓar da lafiyayyar fitila ke yi bisa yadda aka ƙera ta, da yoyon da ke nuna ta lalace. Sannan a gari mai yanayi irin na Yamai, zafin bazara da ƙurar hunturu ne ke lalata fitilar. Damina tana zuwa ne ta tarar da ɓarnar an riga an yi ta.

Abin da ya kamata a fara ganewa shi ne, ba a ƙera fitilar motar zamani don ta kasance a rufe ruf ba. An taɓa yin irin wannan. Daga 1940 har zuwa 1983 dokar Amurka ta tilasta wa masu ƙera motoci amfani da fitilar da aka haɗe fuskarta da madubinta suka zama abu guda, silin wutar na ciki, iska ba ta shiga ba ta fita. Ita wannan ba ta yin raɓa, amma ran da silin ya ƙone sai a jefar da ita ɗungurungum. Fitilar Corolla da Hilux da sauran motocin da suka cika titunanmu yau daban take: kwanso ne na roba a baya, da fuska garau a gaba wadda tun shekarun 1990 galibi ta koma robar polikabonet maimakon gilashi, da madubi a ciki mai tattara haske ya jefa shi gaba, da ƙwai da ake zarewa a sauya. Ƙwan halojin na H4, wanda ya yawaita a ƙananan motoci, yana cin wat 55 a wutar kusa, 60 a wutar nesa, kuma mafi yawan wannan ƙarfi zafi yake zama. Iskar da ke cikin kwanson idan ta tashi daga digiri 30 zuwa 80 tana neman ƙarin wuri kusan kashi ɗaya cikin shida. In babu mafita sai ta riƙa tura danƙon da ya haɗa fuska da kwanso, in ta huce kuma ta janyo shi, har ya saki. Shi ya sa maƙera suka bar wa kowace fitila ƙofofin numfashi a bayanta, wasu da ɗan bututun roba mai lanƙwasa da ke kallon ƙasa, wasu da siririn yadi mai barin iska ta wuce ya tare ɗigon ruwa.

To, duk inda iska ta shiga, da danshinta take shiga. Iska mai ɗumi ta fi mai sanyi iya riƙe tururin ruwa: lita 1,000 na iska a digiri 30 na iya ɗaukar kusan giram 30, amma a digiri 20 abin bai wuce giram 17 ba. Ragowar dole ta sauka a wurin da ya fi sanyi, kuma a jikin fitila babu inda ya kai fuskarta saurin hucewa, tun da ita ce ke fuskantar iskar waje da ruwan sama. Wannan ne ya sa abin yake da lokaci a Yamai. A watan Maris danshin iskar garin kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100, don haka ko an watsa wa fitila ruwan sanyi ba a cika ganin komai ba. A Agusta kuwa, da sassafe, yakan haura kashi 80, ga kuma hadarin gabas da ke iya sauke zafin gari da digiri 10 cikin ɗan lokaci. Motar da ta wuni a rana, fitilarta ta shaƙi iska mai laima, sannan ruwa ya sauko mata da la'asar, ba makawa fuskar fitilar ta yi raɓa ta ciki. Haka ma wadda ta kwana a waje a unguwannin bakin kogi, irin su Gamkale da Saga da Harobanda, inda iskar dare ta fi nauyi.

A nan ne lissafi ke raba gardama. A ce fitila babba ce, tana ɗauke da lita 10 na iska, kuma iskar ta cika maƙil da danshi a digiri 30 sannan ta huce zuwa 20. Ruwan da zai sauka bai kai kashi ɗaya cikin bakwai na giram ba, wato ɗigo biyu ko uku. Gaskiya ne robar kwanson ita ma tana tsotsar ɗan danshi ta ajiye, ta sake shi idan ta yi zafi, amma ko an haɗa da wannan ba za a cika cokalin shayi ba. Ɗigo uku sun isa su shimfiɗa farin hazo a fuskar fitila, amma ba za su taɓa yin kwance a gindinta ba. Saboda haka mai mota ba ya bukatar wata na'ura kafin ya san halin da fitilarsa ke ciki. Idan hazo ne siriri, galibi a gefe ko a kusurwar ƙasa, fitilun biyu kusan iri ɗaya, kuma ya fara washewa bayan an kunna wuta an yi tafiyar kamar rabin awa, to raɓa ce, ba ta bukatar gyara. Idan kuwa manyan ɗigo ne masu gangarowa, ko ruwa ya kwanta, ko ɗaya fitilar ce kaɗai ke yi, ko an yi kwana biyu ana rana bai gushe ba, ko an ga zanen busasshen laka ta ciki, to ruwan ta wata kafa ya shigo, ko kuma ƙofar da zai fita ta toshe.

Akwai wani abu da ke rikita masu sababbin motoci, har su zaci an sayar musu da jabu. Fitilun LED, waɗanda suka fara shiga motocin alfarma wajen 2007 suka kuma bazu daga baya, sun fi na halojin daɗewa da raɓa. Dalili kuwa shi ne ƙwan halojin yana jefa zafinsa gaba tare da haske, ya gasa fuskar fitilar ya busar da ita, shi kuwa LED zafinsa a baya yake taruwa, inda ake janye shi da ƙarfe mai haƙora ko ƙaramar fanka, fuskar ta zauna da sanyinta. Ga shi kuma fuskar fitilun yanzu garau take, ba ta da zane-zanen gilashin da, waɗanda ke ɓoye ɗan hazo. Wanda ya kai irin wannan fitila a buɗe masa ita saboda raɓar safiya, ya ɗauki lafiyayyen abu mai tsada ya miƙa a yi masa rauni.

Sai dai yawancin fitilun da ake gani da ruwa a Yamai ba lafiyayyu ba ne, kuma tarihin lalacewarsu ya fi damina tsawo. Ruwan da garin ke samu a shekara tsakanin milimita 500 ne da 600, kusan dukkansa daga Yuni zuwa Satumba. Sauran wata takwas ɗin fitila tana fama ne da wasu abokan gaba. A Afrilu da Mayu zafin inuwa kan haura digiri 40, na ƙarƙashin murfin injin motar da ke tsaye a rana kuwa ya fi haka nesa ba kusa ba. Wannan zafi yana busar da danƙon da ya riƙe fuskar fitila har ya ƙandare ya rabu da bakinsa, yana sa murfin roba na bayan ƙwai ya yi tauri ya tsattsage. Hasken rana yana cinye siririn rufin da ke kare polikabonet, fuskar ta yi rawaya, ta fara ƙananan tsaguwa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu kuma ƙurar hunturu, da ta unguwannin da kwalta ba ta kai ba, tana cika bututun numfashi, in ta haɗu da ɗan maiƙo ko ruwan wanki ta daskare ta zama toshi. Motar da ta daɗe a ajiye, zanzaro ma kan gina ɗakinsa a bakin bututun. A ƙara da gargadar hanyar birji, wadda ke girgiza fitila har kunnuwan da aka ɗaure ta da su su tsage. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma bangon nan tun kafin ruwan fari yake tsagewa.

Dole kuma a tuna da shekarun motocin. Mafi yawan motocin Nijar na hannu ne, waɗanda suka gama wata rayuwa a Turai ko Amurka kafin su sauka a tashar jirgin ruwa ta Kwatano ko ta Lome. Rahoton da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 an fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kuma Afirka ce ta karɓi kaso mafi girma. Robar da ta yi shekara goma sha biyar tana shan sanyin ƙanƙara, sannan aka kawo ta zafin Sahel, ba ta da sauran juriya mai yawa. Cikin motocin nan akwai waɗanda suka yi karo a can aka gyara su a nan, aka miƙe ƙarfen gaba, aka liƙe kwanson fitilar da ya fashe, aka fesa fenti. Daga waje tsaf, amma tsaguwar tana nan a baya inda ido ba ya kaiwa.

Ragowar ɓarnar hannunmu ne ke yin ta. Ƙwai ya ƙone da dare, an sauya shi cikin gaggawa, murfin baya bai zauna daidai ba, ko an mance shi gaba ɗaya a kan injin. An sayi ƙwan LED mai fanka a gindi don a sa a fitilar da aka ƙera wa halojin, murfin ya ƙi rufuwa, sai mai gyaran wuta ya yanke shi da wuƙa ko ya jefar. An sa ƙwai mai wat 100 inda aka tanadi na 55 don neman ƙarin haske, zafinsa ya narkar da mazaunin ƙwan ya ƙone madubin da ke kewaye da shi. A wurin wankin mota kuma, yaro ya ɗora bakin injin fesa ruwa mai ƙarfi a kan layin haɗin fitilar da ta fito daga rana da zafinta, ruwan sanyi ya sa iskar ciki ta tsuke nan take, fitilar da kanta ta zuƙo ruwan ta duk inda ta samu. Irin wannan zuƙa ce ke faruwa idan mota ta afka kududdufi da wuta a kunne. Yamai kuwa ba ta rasa kududdufai ba: ruwan awa ɗaya ya isa ya mai da wasu tituna rafi, ga kwarin Gunti Yena da ya ratsa tsakiyar gari, ga shekaru irin 2020, lokacin da kogi ya kai kimanin mita 7 ya ɓalle madatsa ya mamaye Lamorde da maƙwabtanta, da kuma 2024, lokacin da ambaliya ta katse manyan hanyoyin fita daga birnin. Motar da ta ratsa irin wannan ruwa, abin da ke cikin fitilarta ruwan laka ne, kuma ko ya bushe sai ya bar tabo.

Mai cewa abin bai taka kara ya karya ba, ya dubi abin da ruwa ke yi idan ya zauna. Madubin fitila roba ce ko ƙarfe da aka shafa wa alminiyom siriri ƙwarai, wanda ko yatsa aka goga masa sai ya bar alama. Danshin da ya daɗe yana dusashe shi, ya sa shi ɓarewa, kuma madubin da ya mutu ba ya farfaɗowa a gareji. Ɗigo ɗaya a kan ƙwan halojin mai zafi yana iya fasa shi. Bakin wayoyi yana tsatsa, wuta ta riƙa ɗaukewa tana dawowa. A fitilun zenon, akwatin da ke tayar da wutar da ƙarfin da ya haura bolt 20,000 sau da yawa a ƙarƙashin kwanson yake, daidai inda ruwa ke taruwa. Tun kafin a kai ga wannan ma, ɗigon da ke fuskar fitila yana tarwatsa haske: wanda ya kamata ya sauka kan hanya ya ragu, wani ya tashi sama ya shiga idon mai tahowa. Kuma fitilar da ke yoyo galibi ita ce wadda fuskarta ta riga ta dafe. Ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta auna irin waɗannan dafaffun fitilu a 2018, ta tarar suna ba da kashi 22 cikin 100 kacal na hasken sababbi.

Sai a ɗora wannan a kan hanyar Doso da dare. Motar da ke gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 a kowace daƙiƙa. Kafin direba ya ga abu ya kai ƙafa kan birki, daƙiƙa ɗaya ta wuce. Birkin kansa yana bukatar kusan mita 45 a busasshiyar kwalta, jimla mita 70, a jiƙaƙƙiya kuwa fiye da haka. Wutar kusa mai cikakkiyar lafiya ba ta cika nuna abin da ya wuce mita 50 zuwa 70 ba. Ke nan ko da fitila sabuwa direba a bakin iyaka yake. To, ina ga wanda rabin haskensa ya tafi? Abin da ke kan hanyar kuma sananne ne: amalanken da ba shi da fitila, jakin da ya tsaya tsakiyar kwalta, garken shanu, babbar motar da ta lalace aka jera mata ganye a baya, ɗan kabu-kabu, mai tafiya a ƙasa da baƙar riga, har da raƙuman dawa a yankin Kure. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ƙiyasta mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a hatsarin hanya kowace shekara, kuma idan aka auna da yawan jama'a Afirka ce kan gaba. Ba wanda zai ce fitila ce babban dalili, domin gudu da gajiya da lalacewar hanya sun fi ta. Amma direba ba zai iya cike ramukan hanyar Maraɗi ba, alhali murfin fitilarsa yana hannunsa.

Masu huda fitila suna da hujja mai ƙarfi, kuma ya kamata a saurare ta: an huda, ruwan ya zube, hazon ya washe, mai mota ya gani da idonsa. Ana iya ƙarawa da cewa tun da fitila numfashi take bukata, huji ai ƙarin ƙofa ne. Amsar ita ce ƙofar da maƙera suka yi tana da lanƙwasa ko yadin tacewa, kuma an zaɓi wurinta inda feshin taya da iskar gaba ba sa bugawa. Hujin da aka yi da ƙusa mai zafi ba shi da ko ɗaya. Yana fitar da ruwan yau, amma bai rufe inda ruwan ya shigo ba, don haka madubi zai ci gaba da jiƙewa da bushewa duk damina. Idan motar ta shiga kududdufi, hujin ƙasa shi ne farkon mashiga. Mafi muni kuma sai an shiga hunturu: fitila tana zuƙar iska duk lokacin da ta huce, kuma yanzu ƙura take zuƙa, garin ƙura mai laushi da ke kwanciya a kan madubi da cikin fuska, inda tsumma ba ya kaiwa. Wataƙila a ƙasar da ba ta san ƙura ba dabarar ta yi ɗan amfani. A Yamai musanya ce ta matsalar wata huɗu da ta shekara duka.

Masu silikon kuwa kuskurensu kishiyar wannan ne. Sun gane cewa ruwa ta kafa yake shiga, amma ba su bambance kafar ɓarna da ƙofar numfashi ba, sai su toshe duka. Danshin da ke ciki, da wanda robar kwanso ta tsotsa, ya rasa mafita: wuta ta kunnu ya tashi, ta mutu ya sauka, kullum a wuri ɗaya. Matsin iskar da aka hana fita kuma sai ya buɗe sabuwar kafa a inda danƙo ya fi rauni. Ga shi silikon ɗin gini mai warin tsami, wanda shi ne ya fi araha a kasuwa, yana fitar da tururi mai cin ƙarfe yayin da yake bushewa, kuma ba ya kama roba da kyau, bayan ɗan lokaci sai ya saki ta gefe ya bar hanyar da ba a gani. Haka nan jefa ƙullin ƙwayoyin shanye danshi, irin na cikin kwalin takalmi, ko ƙullin shinkafa. Ƙwayoyin suna shan kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinsu ne su ƙoshi, kuma a fitilar da ke musayar iska da waje cikin Agusta ba za su daɗe ba. Daga nan zafin ƙwai ya sa su amayar da abin da suka sha.

Gyaran gaskiya haƙuri yake bukata fiye da kuɗi. A fara da abin da ya fi sauƙi: murfin baya yana nan, ya zauna, bai tsage ba? Zoben robar ƙwai fa? Bututun numfashi a buɗe yake, yana kallon ƙasa? Sau da yawa a nan zancen ke ƙarewa. In duk waɗannan lafiya lau, sai a kwance fitilar, a zare ƙwai, a juye ruwan, a rufe ramukan da siririn ƙyalle saboda ƙura, a ajiye ta inda iska ke kaɗawa har ta bushe sarai. In za a taimaka mata da iska mai ɗumi, a yi daga nesa, domin polikabonet yana fara laushi ne wajen digiri 145, kuma kada fetur ko sinadarin tsinka fenti ya kusance shi, yana tsattsaga shi. Neman kafar kuwa sana'a ce da kowane mai faci ya riga ya iya: a toshe ƙofofin na ɗan lokaci, a shafa ruwan sabulu a layin haɗi da bayan kwanso, a hura iska a hankali ta ramin ƙwai, inda kumfa ya taso nan ne ciwon. Idan danƙon haɗi ne ya mutu, a ɗumama shi har ya yi laushi, a raba fuska da kwanso, a kankare tsohon, a sa sabon baƙin danƙo na butil wanda ba ya ƙandarewa, a matse. Idan kwanso ne ya tsage, a narka roba irin tasa a cike ta baya. Sannan a buɗe ƙofofin numfashi kafin a mayar da fitilar, a kuma daidaita tsayin haskenta a jikin bango, kada ta koma tana kashe wa mutane ido.

Za a ce direban tasi da ke neman kuɗin cefane da na mai motar ba shi da wunin da zai ajiye mota saboda fitila, kuma in ta lalace ai ana samun wata a kasuwa. Uzurin gaskiya ne, amma lissafinsa bai fita ba. Tun bayan rufe iyakar Gaya da Malanbil a 2023, kaya da yawa suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, hanya ta yi tsawo, tsada ta biyo baya. Fitila ta asali sabuwa ta fi ƙarfin yawancin masu ƙananan motoci. Ta hannu da ake cirowa daga wata motar shekarunta ɗaya da wadda ta lalace, robarta ma ta gaji. Kwaikwayon mai araha kuwa sau da yawa danƙonsa kaɗan ne, rufin fuskarsa ba ya jure ranar Sahel, madubinsa kuma ba ya tattara haske yadda ya kamata. Saboda haka tsohuwar fitila ta asali, muddin madubinta na da rai, dukiya ce da ta cancanci a tsare ta, kuma talaka ya fi kowa bukatar tsare ta, tun da shi ne ba zai iya sayen irinta ba. Murfin roba ɗaya da awa ɗaya a gareji ba su kai ko kusa da kuɗin fitila ba, balle ƙwan da za a riƙa sauyawa duk bayan mako biyu saboda ruwa na fasa shi.

Idan an yarda cewa rani ne ke yin ɓarnar, to lokacin duba fitila ya sauya. Watan Mayu ne ya dace, sa'ad da zafi ya gama aikinsa, ruwa bai sauka ba, iska kuma a bushe take ta yadda fitilar da aka buɗe za ta rufu ba tare da danshi a cikinta ba. Wanda ya bari sai Agusta zai rufe ta ne da iskar Agusta. Iyayen gareji su ne suka fi kowa iko a nan, domin abin da maigida ya nuna wa yaransa shi ne zai zama al'adar gari nan da shekara goma: kada yaro ya sauya ƙwai bai mayar da murfi ba, kada ya yanke murfi saboda ƙwan da bai dace da fitilar ba, kada ya ɗauki ƙusa ko silikon kafin ya ɗauki ruwan sabulu. Masu wankin mota su bar fitila ta huce, su kuma nisanta bakin injin fesawa daga layin haɗinta. Masu binciken lafiyar motoci kada su tsaya ga ko wuta ta kama, su dubi ko akwai ruwa a ciki, da inda hasken ke sauka. Hukumar kiyaye haɗurran hanya ta ƙasa, ANISER, da ƙungiyoyin direbobi suna iya sanya wannan cikin faɗakarwar da ake yi gabanin damina, tun da bayaninsa bai fi minti biyu a rediyo ba. Shi kuma mai mota ya riƙe ƙa'ida ɗaya: hazon da ya washe bayan an kunna wuta a ƙyale shi, ruwan da ya kwana biyu kuwa a nemo ta inda ya shiga, a rufe nan ɗin kaɗai, a bar wa fitila ƙofofinta. Mutumin da ke tafiya a gefen hanya da dare ba shi da wata kariya da ta wuce direba ya hango shi da wuri, kuma wannan hakki ne da ke wuyan duk wanda ya kunna mota bayan magariba.